Wasan kurket: amsoshin tambayoyin da aka fi yi kan dokokinsa da asalinsa

Mafi yawanmu ta gefen ido muka fara ganin kurket: a finafinan Indiya, ko a tashar wasanni lokacin da ake jiran a take ƙwallon Turai, ko a wani fili a Jidda inda leburori 'yan Pakistan ke taruwa ranar Juma'a da sassafe. Tambayoyin da ke ƙasa su ne aka fi yi mini tun da son wasan nan ya kama ni. Abu ɗaya nake so mai karatu ya riƙe a ransa. Kusan duk wata doka ta kurket da za ka ji kamar ba ta da kai ba ta da gindi, wata rigima ce ta haife ta, kuma in ka san rigimar, dokar ba za ta sake rikita ka ba.

1. Wai me ake nema ne a wasan kurket?

Ƙungiyoyi biyu ne, kowacce da 'yan wasa 11. Ana jefa kwabo, kyaftin ɗin da ya ci ya zaɓi ko mutanensa su fara bugu ko su fara jifa. Masu jifa duka su 11 suna cikin fili, masu bugu kuwa biyu kaɗai ke shiga a lokaci guda, sauran taran na zaune suna jiran layinsu. Aikin masu bugu su tara maki, aikin masu jifa su fitar da su ɗaya bayan ɗaya. In an fitar da goma, na ƙarshe ya rasa abokin tsayuwa, to zangon bugunsu ya ƙare, sai a yi musanya. Wanda ya fi maki a ƙarshe shi ya ci.

Inda ya sha bamban da ƙwallon ƙafa shi ne, ɗan gaba zai iya ɓarar da dama tara, ya ci ta goma, a ɗauke shi a kafaɗa. Mai bugu kuwa rai ɗaya gare shi a kowane zango. Ko da ya shafe awa shida yana bugu ba kuskure, ƙwallo ɗaya ta isa ta mayar da shi benci. Shi ya sa za ka ga mutum ya ɗaga sandarsa ya bar ƙwallo ta wuce bai taɓa ta ba, 'yan kallo kuma suna tafa masa. Sun san ya gane tarko ne.

2. Yaya filin yake, kuma mene ne waɗannan itatuwa uku da ake kafawa?

Filin babba ne mai siffar ƙwai, an kewaye shi da igiya ko layi. Amma ainihin faɗan a tsakiya ake yin sa, a kan wata 'yar siririyar ƙasa da aka daddaɓe, mai tsawon yadi 22, wato mita 20 da ɗan ɗoriya, daidai da tsawon sarƙar da masu awon gonaki a Ingila ke aiki da ita a da. A kowane ƙarshenta an kafa turaku uku masu tsayin inci 28, faɗinsu gaba ɗaya inci 9, an ɗora musu wasu 'yan guntayen itace biyu a ka. Wannan haɗin shi ake kira wikit, kuma shi mai bugu ke karewa kamar gidansa. A gabansa akwai farin layi; in ƙafarsa ko sandarsa na ƙasa a bayan layin, yana cikin aminci.

Sandar bugun da itacen wilo ake sassaƙa ta, fuskarta shimfiɗe kamar siririn allo, faɗinta ba ya wuce inci huɗu da kwata (dalilin wannan awo yana amsa ta 9). Ƙwallon kuwa tauri gare ta kamar dutse, nauyinta wajen giram 160, an lulluɓe ta da fata an ɗinke.

3. Ta yaya ake samun maki?

Mai bugu ya buga ƙwallo, shi da abokinsa su sheƙa su yi musanyar wuri kafin masu tsaro su dawo da ita: maki ɗaya ke nan. In sun ga da sauran hali su sake, biyu, har uku. Ba dole ba ne su gudu in sun ga ba riba. Idan ƙwallon ta gangara ta kai igiyar iyaka, maki huɗu. In ta tsallake igiyar a sama ba ta taɓa ƙasa ba, maki shida, alƙalin wasa ya ɗaga hannuwansa biyu sama.

Akwai kuma makin gyara, wanda ake samu daga laifin mai jifa. In ya taka ya wuce farin layi, ko ya wurga ƙwallon nesa inda sanda ba za ta kai ba, ana ƙara wa masu bugu maki ɗaya kuma a sake jifan.

4. Ta waɗanne hanyoyi ake fitar da mai bugu?

Hanyoyi biyar ne za ka yi ta gani. Na farko, ƙwallo ta wuce sandarsa ta daki turaku, guntayen itacen nan su faɗi. Na biyu, wanda ya fi kowanne yawa, ya buga a cafe kafin ta taɓa ƙasa, ko da gefen sandar kawai ta shafa. Na uku, yana cikin gudu a jefi turakun kafin ya isa layi. Na huɗu, ya fito gaban layinsa don ya tari ƙwallo, ya kuskure ta, mai tsaron bayan turaku ya cafe ya tarwatsa wikit ɗin kafin ya koma. Na biyar shi ne tare ƙwallo da ƙafa, wanda ke da tasa tambayar a gaba.

Sauran ba kasafai ake ganinsu ba: mutum ya ture turakunsa da kansa, ko ya hana mai tsaro aikinsa da gangan, ko ya buga ƙwallo sau biyu ba don kare turakunsa ba. Har jinkirin shigowa fili na iya fitar da mutum. An shafe shekaru da dama dokar na kwance a littafi ba a taɓa aiki da ita a wasan ƙasa da ƙasa ba, sai a watan Nuwamba na 2023, a gasar cin kofin duniya a Delhi, inda Angelo Mathews na Siri Lanka ya tsaya neman a canza masa hular kwano saboda igiyarta ta tsinke, lokaci ya cika, 'yan Bangaladash suka kai ƙara, aka fitar da shi bai fuskanci ko ƙwallo ɗaya ba.

Kalmar ƙara ɗin nan tana da muhimmanci. Alƙali ba ya fitar da mutum sai masu jifa sun nema. Ihun da kake ji suna yi, sun juya gare shi hannuwa a sama, tambaya ce: yaya ka gani? In ya yarda, sai ya ɗaga manuniyarsa ɗaya.

5. Me ya sa ake fitar da mutum don ƙwallo ta same shi a ƙafa, wani lokaci kuma a ƙyale shi?

Wannan ita ce dokar da ake taƙaitawa da LBW, ma'ana ƙafa a gaban turaku. A 1774 ta shiga littafi, saboda masu bugu sun gano cewa in suka tsaya ƙiƙam a gaban turakun suka sa ƙafa, ba mai iya fitar da su. Manufarta a fili take: da sanda ake kare wikit, ba da jiki ba.

Sai dai alƙali na duba abubuwa kafin ya ɗaga yatsa. Shin ƙwallon ta fara taɓa sanda? In ta taɓa, ba fita. A ina ta dira? In ta dira a waje ta ɓangaren bayan ƙafafun mai bugu, ba fita, ko da kai tsaye turakun ta nufa. A ina ta same shi? Dole ya zama daidai saitin turaku, sai fa in bai yi niyyar bugawa ba sam. Sannan babbar tambaya: da ba ƙafar, za ta daki turakun? Wannan hasashe ne, kuma alƙali na yin sa ne cikin ƙiftawar ido.

Shi ya sa a yau ake da damar ɗaukaka ƙara. Cikin daƙiƙa 15 mai bugu ko kyaftin ɗin masu jifa zai haɗa hannuwansa kamar harafin T, alƙali na uku da ke gaban talabijin ya duba hoton da kwamfuta ta zana na hanyar da ƙwallon za ta bi. A 2008 aka fara gwada tsarin a wasannin Indiya da Siri Lanka.

6. Me ya sa mai jifa ke juya hannu a miƙe kamar fanka, maimakon ya yi jifa irin na kowa?

Doka ce ta hana shi miƙe gwiwar hannu a lokacin sakin ƙwallo, wato jifa irin wanda muke yi wa mangwaro a bishiya. Da farko ma ta ƙasa ake gangaro ƙwallon, sandar bugun kuma lanƙwasasshiya ce a ƙarshe. Da masu jifa suka fara dirar da ita a ƙasa tana tashi, wajen shekarun 1760, sai aka koma miƙaƙƙiyar sanda. Daga nan hannu ya yi ta hawa sama ana gardama: an halatta kai shi daidai kafaɗa a 1835. A 1862, a filin Oval na Landan, alƙali ya yi ta kama Edgar Willsher da laifin ɗaga hannu sama da kafaɗa, har ya fusata ya fice daga fili, abokan sana'arsa suka bi shi. Bayan shekara biyu, a 1864, aka halatta jifa ta saman kai. A zamaninmu, da kyamarori suka nuna kusan kowa na ɗan miƙe gwiwar, sai aka yi sassauci zuwa digiri 15.

Jifa shida ingantattu su ne oba ɗaya. In ta cika, wani mai jifan ne zai karɓa daga ɗaya ƙarshen. Mutum ba ya yin oba biyu a jere. Jifa ta ƙasa kuwa abin kunya ne ya ƙarasa kashe ta. A 1981 a Melbourne, Niyu Zilan na buƙatar maki shida a ƙwallon ƙarshe don a yi kunnen doki, sai kyaftin ɗin Ostareliya Greg Chappell ya umarci ƙaninsa Trevor ya gangaro ta a ƙasa yadda ba za ta bugu sama ba. Bai karya doka ba a lokacin, amma duniya ta yi tir, aka kuma toshe ƙofar.

7. Yaya ake karanta lambobin da ke ƙasan talabijin?

In ka ga 245/6, maki 245 ke nan, an fitar da mutum shida, saura huɗu zango ya ƙare. 'Yan Ostareliya su kan juya shi su rubuta 6/245. In ka ga 38.4, oba 38 ce da ƙwallo huɗu. Wanda ya fara bugu in ya yi nasara, ana cewa ya ci da tazarar maki kaza. Wanda ya biyo baya in ya cim ma makin, ana cewa ya ci da wikit kaza, wato adadin mutanen da suka rage masa.

Maki 100 a zango ɗaya shi ne abin alfaharin mai bugu. Sachin Tendulkar na Indiya ya yi haka sau 100 a wasannin ƙasa da ƙasa. Fita da sifili kuma agwagwa ake ce masa, saboda sifili ya yi kama da ƙwanta. Don Bradman na Ostareliya, wanda ba a yi kamarsa ba a bugu, maki huɗu kacal yake nema a zangonsa na ƙarshe a 1948 don matsakaicin makinsa ya cika 100. A ƙwallo ta biyu aka fitar da shi da agwagwa, ya tsaya a 99.94.

8. A ina wasan ya samo asali?

A kudu maso gabashin Ingila, yankunan Kent da Sussex da Surrey, ƙasar dazuzzuka da makiyayan tumaki. Shaida mafi tsufa da aka tabbatar ta fito ne daga wata shari'ar fili a garin Guildford a ƙarshen ƙarni na 16, inda wani dattijo mai shekara 59, John Derrick, ya yi rantsuwa cewa shi da abokan karatunsa sun yi wasan a wannan fili suna yara, wajen 1550 ke nan. Wasan yara ne tun farko. Zuwa 1611 manya sun shiga, don a shekarar an ci wasu mutum biyu tara a Sussex saboda sun tafi kurket ranar Lahadi maimakon coci.

9. Wa ya rubuta dokokin, kuma me ya sa suka yi yawa haka?

Gaskiyar magana caca ce ta sa aka fara rubuta su. A ƙarshen ƙarni na 17 masu sarauta da attajiran Ingila sun shiga wasan suna zuba kuɗi. A 1697 an buga wani wasa a Sussex, sha ɗaya da sha ɗaya, a kan gini 50 na zinariya. Inda kuɗi ya shiga kuwa, sai an yi rubutu. Kundin dokoki mafi tsufa da ya iso gare mu na 1744 ne.

Daga nan duk wanda ya ɓullo da wata dabara, sai a bi shi da doka. A 1771 wani Thomas White ya shigo fili da sanda mai faɗin wikit ɗin gaba ɗaya a wasansu da ƙungiyar ƙauyen Hambledon, wadda ita ce gagarabadau a lokacin. Nan aka ƙayyade faɗin sanda, awon da ake bi har yau. A lokacin turaku biyu ne kacal. A 1775 gwanin jifa Lumpy Stevens ya ratsa ƙwallo ta tsakaninsu har sau uku, John Small na tsaye bai fita ba tunda ba abin da ya faɗi. Kowa ya ga an zalunci mai jifa, aka kafa turke na uku a tsakiya. Bayan shekara ɗari biyu ma halin bai canza ba: a 1979 Dennis Lillee ya shigo da sandar alminiyon a Perth, aka rubuta cewa dole fuskar sanda ta zama ta itace.

Ƙungiyar MCC, wadda aka kafa a 1787, ita ke riƙe da dokokin, guda 42, a filin Lord's da ke Landan. Gudanar da wasan a duniya kuwa yana hannun hukumar ICC, wadda Ingila da Ostareliya da Afirka ta Kudu suka kafa a 1909, hedikwatarta yanzu tana Dubai.

10. In wasan Turawan Ingila ne, yaya aka yi Indiya da Pakistan suka fi kowa haukarsa?

Mulkin mallaka ne ya kai shi, ta hannun sojoji da ma'aikata da makarantu. A Kalkata Turawa sun kafa kulob tun 1792, 'yan ƙasa kuma suka fara nasu a Bombai a 1848, ta hannun al'ummar Farsi. Abin da ya biyo baya shi ne ya fi burge ni: waɗanda aka mulka suka mayar da wasan fagen rama wulaƙanci. Tsibiran Karibiyan, da ke haɗuwa su yi wasa da sunan West Indies, sai a 1960 suka sami baƙar fata a matsayin kyaftin na dindindin, Frank Worrell, amma su suka ɗauki kofin duniya na farko a 1975 da na biyu a 1979, duka a Landan. Indiya ta ɗauka a 1983 ƙarƙashin Kapil Dev, Pakistan a 1992 ƙarƙashin Imran Khan, wanda daga baya ya zama firaminista, Siri Lanka a 1996. 'Yan Afganistan kuwa a sansanonin gudun hijira na Pakistan suka koya, ga shi a 2024 sun kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar duniya ta T20, wato gajeren wasa mai oba 20 kowane ɓangare.

11. Da gaske ne ana kwana biyar ana wasa ɗaya, kuma a tashi ba wanda ya ci?

Da gaske ne. Wannan shi ne wasan Tes, mafi daraja, wanda aka fara a Melbourne a watan Maris na 1877, Ostareliya ta doke Ingila da maki 45. Kowace ƙungiya zango biyu take yi, ana jefa oba wajen 90 a yini, da hutun cin abinci da na shan shayi. Don ka ci, tara maki kaɗai bai isa ba, sai ka fitar da abokan karawarka kafin lokaci ya ƙare. In suka jure har yammacin rana ta biyar, an tashi ba gwani ke nan, ko da tazarar maki ɗaruruwa ce. Wannan daban yake da kunnen doki, inda maki ke zuwa daidai bayan an kammala, abin da sau biyu kacal ya taɓa faruwa a Tes.

An taɓa gwada wasa ba iyakar kwanaki. A 1939 a Durban, Ingila da Afirka ta Kudu suka kai rana ta goma suna fafatawa, aka haƙura saboda jirgin ruwan da zai mayar da 'yan Ingila gida zai tashi. Ni dai a wurina ba abin da ya kai awar ƙarshe ta rana ta biyar daɗi, lokacin da mutum na goma da na sha ɗaya, waɗanda ba bugu ne sana'arsu ba, ke tsaye, masu tsaro sun yi musu zobe kamar a kama su da hannu, kowace ƙwallo suka tare filin ya ɗauki sowa.

Ga mai gaggawa akwai gajeru. Wasan yini ɗaya, wanda aka fara tsakanin ƙasashe a 1971, oba 50 ne kowane ɓangare. T20, da aka ƙirƙiro a Ingila a 2003, oba 20 ne, cikin awa uku da 'yan kai an gama. Shi ne na gasar IPL ta Indiya da aka fara a 2008, kuma shi za a buga a wasannin Olamfik na Los Angeles a 2028. A waɗannan, tunda ƙwallayen ƙidayayyu ne, mai bugu ba ya tattalin ransa kamar yadda aka bayyana a amsa ta 1.

12. Mece ce wannan Toka da Ingila da Ostareliya ke faɗa a kanta?

A 1882 Ostareliya ta doke Ingila a gidanta, a filin Oval, da maki bakwai. Wata jarida ta buga ta'aziyyar zolaya cewa kurket ɗin Ingila ya rasu, za a ƙone gawar a kai tokar Ostareliya. Da 'yan Ingila suka je can a ƙarshen shekarar, aka ba kyaftin ɗinsu Ivo Bligh wani ɗan tulu da bai kai tsawon tafin hannu ba, da toka a ciki. Tulun na ajiye a Lord's, sunan kuma ya bi duk jerin wasannin Tes da ƙasashen biyu ke yi.

13. Me ya sa 'yan wasa ke ta goga ƙwallo a wando?

Saboda a kurket ba a canza ƙwallo kowane lokaci. A Tes sai ta yi oba 80 kafin a ba da sabuwa. Tsufanta wani ɓangare ne na wasan. Masu jifa na goge gefe ɗaya ya yi sheƙi, su bar ɗayan ya yi kaushi. Iska na bin gefen biyu daban, sai ƙwallon ta karkata a sama kafin ta dira. 'Yan Pakistan, tun daga Sarfraz Nawaz zuwa Wasim Akram da Waqar Younis, su suka gwanance wajen sa tsohuwar ƙwallo ta karkata ta inda ba a zata ba. Gogewa da zufa halal ne. Yawu an hana tun lokacin korona. Kankarewa kuwa maguɗi ne. A 2018 a Cape Town kyamara ta kama ɗan Ostareliya da takardar goge katako, aka dakatar da kyaftin Steve Smith da mataimakinsa David Warner shekara guda.

Ƙasar tsakiya ma tana tsufa. Ranar farko tana da danshi, masu jifa da ƙarfi ke cin kasuwarsu; Shoaib Akhtar na Pakistan ya taɓa kai kilomita 161.3 a awa. Zuwa rana ta huɗu ta bushe ta tsattsage, takalma sun farfashe ta, sai masu murza ƙwallo da yatsu ko wuyan hannu su karɓi ragama, ta dira nan ta waske can. Muttiah Muralitharan na Siri Lanka da wannan salon ya fitar da mutum 800 a Tes, Shane Warne na Ostareliya 708.

14. In ruwan sama ya tsinke fa, ko aka yi kunnen doki a wasan ƙarshe?

Ba a wasa cikin ruwa. Ana rufe ƙasar tsakiya da tamfol. A gajerun wasanni ana rage oba a sake lissafa makin da za a nema. Tsohon lissafin ya ba da kunya a 1992 a Sydney, a wasan kusa da na ƙarshe na kofin duniya: Afirka ta Kudu na neman maki 22 a ƙwallo 13, aka yi ɗan yayyafi, da aka dawo allo ya nuna musu ƙwallo ɗaya ta rage. Wannan ya sa wasu masana lissafi biyu, Frank Duckworth da Tony Lewis, suka tsara hanyar da ke auna oba da wikit ɗin da suka rage tare, kuma gyararren tsarinsu ake bi har yanzu.

Kunnen doki kuma ana warware shi da ƙarin oba ɗaya ga kowa. A wasan ƙarshe na 2019 a Lord's, Ingila da Niyu Zilan sun yi 241 kowacce, ƙarin obar ma 15 da 15, aka ba Ingila kofi don ta fi yawan bugun da ya kai iyaka. Ban taɓa gamsuwa da wannan hukunci ba, kuma kafin shekarar ta fita ICC ta soke dokar.

15. Ƙwallo mai tauri haka ba ta da haɗari?

Tana da shi. A 1932 zuwa 1933 'yan Ingila, don su karya lagon Bradman, suka riƙa saitin jikin masu bugu, abin da ya kusa ɓata dangantakar ƙasashen biyu kuma ya jawo gyaran dokoki. Hular kwano sai a ƙarshen shekarun 1970 ta yaɗu. A Nuwamban 2014 ƙwallo ta sami Phillip Hughes a wuya a Sydney, ya rasu bayan kwana biyu yana ɗan shekara 25. Kada a bar yaro ya tsaya gaban ƙwallon fata ba hula, ba safar hannu, ba makarin ƙafa.

16. Ana yin kurket a Najeriya?

Ana yi, kuma ya daɗe. Tun 1904 Legas ta kara da Gwalkwas, Ghana ta yau. A Arewa malamai Turawa sun koyar da shi a makarantun gwamnati irin su Kwalejin Katsina, amma bai fita daga harabar makaranta ya shiga unguwa ba. Najeriya ta zama mamba a ICC a 2002, matasanta 'yan ƙasa da shekara 19 sun je gasar duniya a Afirka ta Kudu a 2020, kuma a Janairun 2025 a Malesiya 'yan matanmu na wannan rukuni sun doke Niyu Zilan da maki biyu. Ranar na yi murna ƙwarai, kuma na ji takaicin yadda labarin ya wuce mutane da yawa ba su ji ba.

17. Ina son gwadawa da yaran unguwa, amma ba mu da kayan wasa. Ta ina za mu fara?

Ku yi yadda yaran Karachi ke yi. Ku sami ƙwallon tanis ku naɗe ta tsaf da salatif ɗin masu gyaran wuta. Tana ƙara nauyi da gudu, ba ta kuma fasa kai. In kun bar gefe ɗaya ba naɗi, za ku ga tana karkata kamar yadda aka faɗa a amsa ta 13. Kafinta zai yanka muku sanda daga falanki, ya fere mariƙin. Turaku kuwa karan dawa uku sun isa, ko a zana layi uku da gawayi a jikin katanga. Ku auna taku 22 manya, yara ƙanana a rage musu.

Ku fara da oba biyar kowane ɓangare, ku ajiye dokar LBW gefe har sai kun sami wanda kowa ya yarda da alƙalancinsa, don ita ce za ta fara haɗa ku faɗa. Ku kuma yi yarjejeniya tun kafin jifan farko a kan ƙwallon da ta faɗa gidan maƙwabta: a lungunan Indiya da Pakistan da yawa, wanda ya buga ta can ya fita, kuma shi zai je ya yi sallama ya karɓo.